Jif ɗin Yaya da Gwiwar Inna

Kafin Yaya ya kai jif ɗinsa gareji, kujerar gaba daidai ƙugun Inna take. Sai ta juya mata baya ta zauna kamar a bakin gado, ni kuma in ɗaga ƙafar da aka yi wa aiki in shigar mata da ita. Haka muke zuwa asibiti duk ranar Alhamis, a gasa mata gwiwa, a lanƙwasa, a miƙar. Tun ranar da aka sallame ta likita ya ja mana kunne. Ya ce idan aka yi wasa da gashin nan gwiwar za ta sandare, kuma idan ta sandare shi ke nan.

Ana cikin haka Yaya ya yi sababbin abokai a ofis. 'Yan daji suke kiran kansu. Duk Asabar sukan jera motocinsu a gefen gidan mai, su jingina da su, suna kallon bidiyon motocin da ke hawa duwatsu a waya. Daga ƙofar gidanmu zuwa ofishin Yaya kwalta ce a shimfiɗe, ko rami guda babu. Amma wata rana ya dawo gida ransa a ɓace, wai an yi wa motarsa dariya, an ce da ita motar kai yara makaranta.

Washegari ya kai ta wurin wani makanike da ake ce wa Injiniya.

Ranar da ta dawo, sai da yaran layinmu suka biyo ta da gudu. An cire tayoyinta an sa wasu masu manyan haƙora, kowace ta kai min ciki. An ɗaga jikin motar sama har kana hango ƙafafun mai wucewa ta ƙarƙashinta. A gaba an walda mata baƙin ƙarfe da igiyar jan mota. Wani bututu ya bi gefen gilashi ya miƙe sama. A kan rufin kuma ga jerin fitilu, ga jarkoki, ga sabon shebur da ko takardar shago ba a ɓare masa ba.

Matar Yaya, wadda muke ce wa Anti, ta fito da ludayi a hannu ta tsaya tana kallo.

"Maigida, yaƙi za a yi ne ba mu da labari?"

"Ke ba za ki gane ba," in ji Yaya. "Wannan bututun da kike gani, ko kogi na shiga da motar nan, injin zai ci gaba da numfashi."

"Kai fa? Kai ma an sa maka naka bututun? Na san ko a baho ba ka son ruwa ya taɓa maka kunne."

Yaya ya kama ƙarfen ƙofa, ya yi tsalle ya shige, ya danna hon.

Sai ranar Alhamis muka gane abin da aka yi mana. Inna ta shirya, ta dogara sandarta ta fito. Na buɗe mata ƙofa. Kujerar da take zama kamar a bakin gado yanzu ta kai mata kafaɗa. Ta dubi kujerar, ta dubi Yaya. Inna ba ta faɗin sunansa, Babba take ce masa.

"Babba, ta ina ake hawa?"

"Abu mai sauƙi, Inna. Auta, ɗauko kujerar tsugunno."

Na ɗauko. To, hawa kujerar tsugunno ma sai an lanƙwasa gwiwa, kuma ko ta hau da sauran tafiya. Inna ta ɗora ƙafa, kujerar ta yi rawa, ta sauke.

"Bari in ɗauke ki kawai," in ji Yaya, yana naɗe hannun riga.

"Kul," in ji Inna. Maƙwabta sun riga sun leƙo ta katanga. "Ni na ɗauke ka. Ba za ka ciccibe ni kamar buhu a gaban jama'a ba, ina da raina."

Wanda ya san Inna ya san maganar ta ƙare. Ta juya ta koma ɗaki.

Mako na gaba Anti ta kira tasi, duk da Yaya na ta faɗan wai za a ce ya bar uwarsa a motar haya. Ita kuma tasi ta cika ƙasa. Inna ta sunkuya za ta zauna, gwiwar ta ƙi, ta yi wata ƙara da ban taɓa jin ta yi ba. Da ƙyar muka miƙar da ita. Ranar ma ba a je ba.

Anti ta ce a koma wurin Injiniya ya walda matakala a gefen motar. Yaya ya ce ai ya tambaya, ana yi, amma matakala za ta rage wa motar tsayi, za ta riƙa karo da duwatsu.

"Waɗanne duwatsu?" in ji Anti.

"Idan mun shiga daji."

"Yaushe?"

"Ana shirin tafiyar."

Ana ta shirin tafiya, ita kuwa gwiwar Inna ba ta jira kowa ba. Da safe sai na sa mata takalmi, abin da da take yi da kanta. Idan ta zauna, ƙafar na miƙe a gabanta kamar taɓarya. Nas ɗin da ke gasa mata gwiwa ta kira ni a waya, ta ce idan Alhamis mai zuwa ba a kawo tsohuwar nan ba, kada mu zo mata da kuka daga baya. Na gaya wa Anti, Anti ta gaya wa Yaya da irin muryar da ake jiyowa har ƙofar gida.

Yaya ya kwana yana tunani, ya tashi da dabara. Barandar gidanmu tana da tudu, kuma matakalunta gajeru ne masu ƙarfen riƙo, Inna tana hawa da sauka a hankali. Ya ce zai matso da motar jikin baranda, a ɗora katako, Inna ta taka ta shiga. Matsalar guda ce, tsakanin baranda da tsakar gida akwai furannin da Anti ta shekara tana ba ruwa.

"Ka taka min fure ka gani," in ji Anti.

Ya taka. Ya sa babbar giya, injin ya yi gurnani, manyan tayoyin nan suka bi ta kan furannin suka kwantar da su. Ranar ce tayoyin suka fara taɓa ƙasar da ba kwalta ba. Yaya ya diro ya ɗauki hoton lakar da ta manne musu, ya tura wa 'yan daji.

Dabarar kuwa ta yi. Inna ta taka katako, ta juya, ta zauna, na shigar mata da ƙafa. Yaya har da tafi.

"Kin gani, Inna? Kai ake amfani da shi."

Babu wanda ya yi tunanin sauka sai da muka isa asibiti.

A ƙofar shiga babu baranda. An shafe wurin da siminti ya yi sumul saboda keken marasa lafiya. Na buɗe ƙofa, Inna ta leƙa ƙasa, ta ja ƙofar ta rufe. Yaya ya zagaya ta wajen ɗakin haihuwa, babu tudu. Ya zagaya ta wajen ɗakin magani, babu. Motocin da ke bayanmu suna ta hon. Daga ƙarshe ya tsayar da maigadi.

"Malam, babu wani dakali mai tsayi a asibitin nan, inda mota za ta matsa?"

Maigadin ya dubi motar daga ƙasa har sama.

"Akwai a baya. Ku bi nan, ku sha kwana, za ku ga mutane zaune."

Muka bi. Ga dakali kuwa mai tsayi, daidai ƙofar mota kamar an auna. Ga wata faffaɗar ƙofar ƙarfe a bayansa. Ga mutane zaune kan benci a ƙarƙashin bishiya, kowa ya yi shiru. Yaya ya ji daɗi, ya murza sitiyari, ya manna motar da dakalin. Mutanen suka miƙe tsaye.

Wani dattijo ya matso wajen tagar Yaya, ya sassauta murya.

"Sannunku da haƙuri. Allah ya jiƙan rai. Ai kun kyauta da kuka zo da shebur ɗinku, ƙasar can tauri gare ta. Namiji ne ko mace?"

Sai a lokacin na ɗaga kai na karanta allon da ke saman ƙofar. Ɗakin ajiye gawa ne.

Inna ma ta gani. Ta leƙo ta gaban Yaya ta ce wa dattijon, "Mace ce, Malam. Amma ba ta ƙarasa ba tukuna."

Dattijon ya ja da baya yana salati. Yaya ya juya wajen Inna.

"Inna, wallahi ban sani ba. Amma tunda mun riga mun zo, ki daure ki sauka, minti ɗaya ne. Sai mu bi ta baya mu..."

"Ta nan ake fitar da su, ko?"

"Inna..."

"Ka ɗaga mota sama don ka shiga dajin da ba ka san hanyarsa ba, ni kuma ka kawo ni ƙofar gawa da ƙafata. Ja motar nan."

"Gida?"

"Wurin wanda ya ɗaga ta."

Garejin Injiniya fili ne da baƙin mai ya jiƙe ƙasarsa, ga gawarwakin motoci ko'ina. Da ya hango mu ya taso yana goge hannu da tsumma, bakinsa har kunne.

"Ranka ya daɗe! Ka zo a ƙara fitilun? Ai na ce maka..."

Sai ya ga Inna a sama. Ya rusuna ya gaishe ta.

"Kai ne ka ɗaga ta?" in ji Inna.

"Ni ne, Hajiya. Aikin hannuna ne."

"Sannu da aiki. Sauke ta."

Injiniya ya dubi Yaya. Yaya ya dubi ƙasa.

"Hajiya, ai aikin yini ne. Sai an cire tayoyi, a kwance sifirin, a zare ƙarafan da muka cusa. Kuma ba ma sa jak da mutum a ciki. Sai kin sauko."

"Ta ina?"

Injiniya ya waiga hagu, ya waiga dama. Babu baranda, babu dakali.

"Sai dai a ɗauko ki."

"To ka taɓa ni ka gani."

Haka aka sa jak Inna na ciki. Abin haushin, kafin motar ta sauka sai da ta ƙara hawa. Inna na zaune can sama, sandarta a cinya, tana kallon rufin kwanon maƙwabta. Da azahar ta yi na miƙa mata ruwa, ta yi sallarta a zaune. Injiniya da ma'aikatansa suna kwance a ƙasa suna kwance noti, ba mai ɗaga murya. Tsofaffin tayoyin motar kuwa tuni Injiniya ya sa wa motar wani, sai aka tsinto wasu a bayan gareji, ba biyun da suka yi kama da juna.

Ban san wanda ya kai labari ba, sai ga biyu daga cikin 'yan daji sun iso a motocinsu masu tsayi. Suka diro suna gyara tabarau.

"Kai, mutumina, me muke gani haka? Kaciya ake yi mata?"

Yaya ya buɗe baki, Inna ta riga shi.

"Ku ne 'yan dajin?"

Suka ɗaga kai, suka cire tabarau, suka gaishe ta.

"Iyayenku mata suna nan da rai?"

"Suna nan, Mama."

"Da me suke hawa?"

Ɗaya ya ce tasa ba ta cika fita ba. Ɗayan ya ce ana kiransa a waya. Amma ba su tafi ba, suka koma gefe suka tsaya kallo.

Rana ta yi sanyi kafin a sauke jak na ƙarshe. Motar ta dawo ƙasa a kan tayoyin aro, ta ɗan karkace gefe guda, bututu da fitilu da shebur na nan a kanta kamar yaro ya sa hular babansa. Lokacin asibiti ya daɗe da wucewa. Na kira nas na roƙe ta, ta yi faɗanta ta gama, ta ce mu zo da sassafe.

Na buɗe wa Inna ƙofa. Na juyo mata da ƙafa a hankali. Tsayin ya dawo daidai, amma zaman yini ya riƙe gwiwar, ta ƙi motsi. Ta gwada, ta cije leɓe. Na miƙa mata hannu, ta ture.

"Babba."

"Na'am, Inna."

"Zo nan. Durƙusa."

Yaya ya dubi abokansa, ya dubi ƙasar da ta sha baƙin mai, ya dubi farin wandonsa na ofis. Ya durƙusa. Inna ta dafa kafaɗarsa da hannu ɗaya, ta dafa tsakar kansa da ɗayan, ta saki nauyinta duka a kansa, har sai da na ji ya yi nishi. Ƙafarta mai lafiya ta taɓa ƙasa, mai ciwon ta biyo baya. Ta tsaya da kanta, ta karɓi sandarta.

"In tashi, Inna?"

"Dakata tukuna," in ji ta. "Ƙafar ta yi tsami, sai na ɗan taka. In na dawo, da kai zan hau."