Gudu a Gaban Suruki

Malam Halilu ya miƙe tsaye a kan feda yana taka keke kamar wanda kura ta biyo, gwiwarsa ta hagu tana yi masa zugi. Wannan gwiwar ce ta raba shi da tsere tun zamanin Jihar Arewa maso Yamma, lokacin da in ya fita gudun ƙetare daji sai dai a hangi ƙeyarsa. Yanzu malamin wasanni ne a wata sakandare a Bukkuyum, ga tumbi ga usur a wuya, kuma duk burinsa ya tattara shi a kan ɗalibi guda, Hayatu.

Hayatu ne a gaba a tseren yau. Yaran Anka tuni sun zube, saura wani dogo daga Gummi da ya manne masa. A bakin makaranta kuwa jami'in wasanni daga Sakkwato yana zaune yana jira, kuma mutum ɗaya tak zai tafi da shi sansanin jiha. Bana Hayatu yake gama makaranta. In ba a ɗauke shi yau ba, sai ruga, sai sanda, gudu ya ƙare.

Malam Halilu ya wuce su ne don ya duba ko awaki ba su ture tutocin hanya ba. Yana shan kwanar tsamiya sai ya ja birki. Wani dattijo ne zaune a kan saiwa, malfa a ka, sanda a cinya, ya fuskanci hanya sosai.

Ardo Labbo! Uban Dija, yarinyar da aka yi wa Hayatu baiko da ita.

Innalillahi. Duk wanda ya san Hayatu ya san yadda yake da surukin nan nasa. Ranar wata kasuwar Nasarawa Burkullu hango shi kawai ya yi, ya tsallake dangar mutane har rigarsa ta yage. Ranar da yake sanye da riga da wando ke nan fa. Yau kuwa ɗan gajeren wando ne a jikinsa, cinya a waje, da singileti. Wallahi ba zai wuce ta nan ba, gona zai faɗa. Ga malamin Gummi can tsaye da tuta yana zare ido, kuma doka ce, wanda ya bar hanya ya fita daga tsere.

Malam Halilu ya yar da keken, ya tuɓe takalmi ya durƙusa, gwiwar ta ce ƙas.

"Ardo, barka da hutawa."

"Barka dai, Malam. Ina gajiya?"

"Babu gajiya. Ardo, dama..."

"Ina iyali? Ina yaran makaranta? Ina ƙoƙari?"

Dattijon bai bar komai ba, har keken sai da ya tambayi lafiyarsa. Malam Halilu yana amsawa yana satar kallon kwana, gumi na bin bayansa. Ta ina mutum zai fara ce wa Ardo guda ya tashi daga inuwar da ba ta ubansa ba?

"Kasuwa za a shiga ne, Ardo?"

"Wace kasuwa? Tun asuba na baro ruga. An ce mini wanga yaro shina gudu har gwamnati ta san da shi. Na ce bari in gani da idona, kada ɗiyata ta auri labari."

Malam Halilu ya ji kamar ya ɗora hannu a ka. Daga nesa ihun yaran ƙauye ya taso, sai ga su sun ɓullo, Hayatu a gaba ba takalmi, yana tafiya shar kamar ba ya taɓa ƙasa. Ya ɗago kai. Ya ga malfar.

Nan take ƙafarsa ta rikice. Ya rage gudu, ya kai hannu biyu yana jan wandon ƙasa, wandon da ko an jiƙa shi ba zai kai gwiwa ba. Dogon Gummi ya wuce shi fuu. Hayatu ya fara karkata wajen karan dawa, malamin Gummi kuma ya ɗaga tutarsa yana jira.

"Ardo, don girman Allah," in ji Malam Halilu. "In ya taka gonar can, shi ke nan, an cire shi. Kuma ba zai wuce kana kallo ba."

Dattijon ya dubi yaron, ya dubi Malam Halilu. Ya dafa sanda ya miƙe a hankali, ya juya ya fuskanci gindin tsamiya, ya jawo malfar ta rufe masa fuska.

"Hayatu!" Malam Halilu ya kwarara ihu. "Ba ya gani! Wuce, don ubanka, wuce!"

Yaron ya dawo tsakiyar hanya. Ya zo daidai tsamiyar ya sunkuya har yatsunsa suka shafi ƙasa, ya wuce a duƙe kamar ɓarawon kaza. Yana barin inuwar ya miƙe, ya buɗe ƙafa.

Kai, jama'a! Malam Halilu bai taɓa ganin ya yi irin wannan gudun ba, kuma ya san sarai ba Sakkwato yake nufa ba, surukinsa yake tsere wa. Kafin gangaren rafi ya kamo dogon Gummi, a hawan tudu ya bar shi yana haki. Ihu ya kaure daga wajen makaranta. Malam Halilu ya tsinci kansa zaune daɓas a ƙasa, hawaye na zuba, ba ya ko jin kunya.

Hanya ta yi tsit. Ardo Labbo yana nan tsaye, goshinsa ya kusa taɓa itace.

"Malam," ya ce daga cikin malfa. "Ya wuce?"

"Ya wuce, Ardo. Ya yi nisa."

Dattijon ya juyo ya ɗaga malfar, ya daɗe yana duban hanyar da babu kowa a kanta sai sawun ƙafa. Sannan ya koma kan saiwarsa ya zauna, ya gyara sanda a cinya.

"To, zauna nan," ya ce. "Faɗa mini yadda ya yi."