Injin Niƙan Ikilima

Wallahi injin niƙan nan nawa ne. Na faɗa gaban alƙali, kuma ko gobe ƙiyama za ni sake faɗi. Ni Ikilima, da tumakina bakwai na saye shi, waɗanda na gada wajen innata, da 'yan kunnen zinarin aurena.

Shekarar da 'yan bindiga sunka tashe mu daga ƙauyenmu na gefen Gangara munka dawo cikin Sabon Birni, mijina Labbo ya bar gonarshi da gero tsaye a ciki. Ni Allah ya rufa mani asiri, tumakina na wajen yayana Is'haƙa a Isa. Wata biyar muna cin abin da dangi sunka miƙo, Labbo ya koma zaman gindin iccen bedi, ɗiyanmu uku na kallon bakin mutane. Na ce a'a, wanga zama ba ya yi. Na sa Yaya ya sayar da tumakin, na haɗa da kuɗin zinarin, na damƙa ma Labbo cikin ɗaki, daga ni sai shi sai Allah. Ya tafi Sakkwato ya sayo inji. Rasit da sunanshi, to wace mace ce za ta shiga kasuwar injuna tana ciniki da maza? Ban ko tambaya ba.

Ga inda na yanka kaina da wuƙata. Ranar da anka kafa injin, mata sunka cika gidan da barka. Na san danginshi na ta gulmar ya zama mijin-ta-ce, mace ke ci da shi. Sai na miƙe na ce, "Ku taya ni godiya, maigida ne ya sayo mana, da kuɗin wakenshi da ya ɓoye." Maƙwabciyata Kande ta rangaɗa guɗa. Rannan Labbo da hula a karkace ya fita, ni kuwa har cikin raina na ji daɗi. Haka Inna ta koya mani, mace rufin asirin mijinta ce.

Shekara uku injin na ci da mu. Labbo ya yi niƙan safe, ni in yi na maraice. Garin da ke zuba ƙasa in tattara, shi ne tuwonmu. Ko daga ɗaki na ji kukanshi ya sauya, na san bel ne ya saki.

Sai zazzaɓin zinari ya kama Labbo. Wasu abokanshi sunka dawo daga haƙa a can arewacin Nijar da sababbin babura, shi ke nan, ba shi da zance sai ya sayar da inji ya yi kuɗin mota ya bi su. Na ce, "Malam, waɗanda ba su dawo ba fa, ka ƙirga su?" Ya yi kunnen uwar shegu da ni. Wata Laraba sai ga shi da mai saye, wani Sodangi. Ban san sa'ad da na haye kan injin na zauna ba, na ce sai dai a ɗauka da ni. Gaban maza fa! Kafin la'asar takardar sakina na hannuna.

Ya garƙama ma shagon injin kwaɗo. Duk tsawon iddata tiya huɗu ta gero ya aiko, mutum huɗu, don Allah ko kaji ne mu? Yaya ya zo daga Isa ya faɗa mani gaskiya, idonshi na ƙasa. Gidanshi cike yake da dangin da sunka gudo, ni da ƙaramar, Sadiƙa, kaɗai zai iya ɗauka. Manyan biyu, Nura da Wada, sai dai su koma wajen uwar Labbo a Tozai, inda har yau barci da ido ɗaya ake yi. In kuwa injin na hannuna, ɗaki za ni kama in riƙe abuna su uku. Na kai ƙara.

Alƙalin dattijo ne, ba ya ɗaga murya. Ya ce gado da tukwane da kwanuka da akuyar gida kayan mata ne, nawa ne. Ya ce ci da tufafin yara na kan ubansu. Labbo ya ce, "In na samu." In ya samu! Sannan alƙali ya zo kan inji. Ya ce abin da anka saba gani hannun maza na miji ne in ya rantse, sai fa in matar ta kawo shaidu.

Yaya ya ba da shaidar tumaki. Alƙali ya ce, "Ka ga an sayar da tumaki, ba ka ga an sayi inji ba." Sai anka kira Kande, wadda na dogara da ita, don ta san irin wuyar da munka sha.

"Allah gafarta Malam," in ji Kande, "ni dai na san lokacin Labbo ba shi da ko sisi."

"Abin da kika gani ko kika ji nake tambaya."

Ta dube ni, hawaye sunka zubo mata. "Da bakinta ta ce maigida ne ya sayo. Ni ce ma na yi guɗar."

Ban ga laifinta ba, gaskiyar abin da ta ji ta faɗa. Na durƙusa na ce, "Malam, rufa mashi asiri na yi! Wace matar kirki ce ba ta yin haka?" Na ga tausayi a fuskar alƙali, amma tausayi ba shaida ba ne. Ya ce Labbo ya je ya yi alwala.

Ya dawo ruwa na ɗiga daga gemunshi. Anka kawo Alƙur'ani naɗe cikin ƙyalle. Zuciyata na ta cewa ba ya iyawa, shekara sha biyar muna tare, ya san ɗakin da na ba shi kuɗin, ya san ƙullin da sunka fito. Amma wallahi sai ga shi yana miƙa hannu.

Nan na tuna wani mutumin ƙauyenmu da ya rantse kan iyakar gona. Ba a rufa shekara ba anka ce Alƙur'ani ya ci shi, kuma abin bai tsaya kanshi ba. Har munka baro ƙauyen, ɗiyanshi ba su da suna sai ɗiyan mai rantsuwar ƙarya, ko aurensu mutane gudu suke. Na ga Nura, na ga Wada, na ga Sadiƙa.

"Kar ka taɓa!" Ihuna har waje anka ji shi. "Na bar mashi."

Yaya ya ce, "Ke Ikilima, kin haukace?"

Alƙali ya tambaye ni har sau uku ko na san abin da nake faɗi. Na ce, "Ban ce nashi ba ne, Malam. Na ce na bar mashi. Uban ɗiyana ne."

A bakin kotu na ji Labbo na ce ma mutane, "Kun gani ko? Gaskiya ta yi halinta." Na ja mayafina na wuce.

Jiya na kai gero tiya biyu niƙa, garin da Nura da Wada za su tafi da shi Tozai. Injin da ya fi kusa da mu yanzu na Sodangi ne, wanda Labbo ya sayar mashi bayan shari'a. Na bi layi bayan mata shida, ina jin kukan injin, ina haɗiye nawa. Da layi ya zo kaina na ce, "Malam Sodangi, ka ɗaure mashi bel, ya saki."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Ɗari biyu-biyu ne tiya."

Na kwance bakin zanena na biya.