Oba-obar Rabilu

Babur ya kwanta a kan ƙafar Rabilu ta hagu, daga gwiwa zuwa idon sawu, kuma ba ƙaramin babur ba ne. Irin manyan nan ne na doguwar tafiya, ga akwatunan ƙarfe biyu a gefe, ga jarkar mai a ɗaure a baya. Ya tura da hannu, ya tura da ɗaya ƙafar, abin ko motsi bai yi ba, sai ƙara nutsewa da ya yi cikin yashi. A cikin kwari yake kwance, tsakanin gaɓa biyu da suka fi tsawon mutum, geza ta rufe bakinsu. Ba ya ganin komai sai sama, ita ma ta gabas ta yi baƙi ƙirin.

Su uku suka taso daga Konni da hantsi. A gaba akwai Alhaji Abarshi, mai motocin dakon kaya, wanda ya haura sittin amma har yau ba abin da ke faranta masa rai kamar ya hau babur ya yi kwana uku yana yawo. A tsakiya Chindo, bakanikensa. Rabilu a ƙarshe, don shi ne mijin Wasila, ƴar farin Alhaji, kuma suruki ba ya wuce surukinsa a hanya. Bayan sun bar Tsarnawa da nisa suka sauka daga gudron, wato titin kwalta, suka ɗauki hanyar daji da ke ɓullewa Illela ta cikin gonakin hatsi. A nan garken awaki ya raba Rabilu da su. Da ya fito, maimakon ya bi babban mashigi, sai ya ce bari ya yanke ta tsohon mashigin da amalanke suka daina bi, ya tarye su a gaba. Gaɓar da ruwan jiya ya cinye ta ƙasa ta rufta da shi.

Wayarsa tana cikin jakar da ke ƙarƙashin babur. Ko tana hannunsa ma, ba rezo a nan, waya ba ta kamawa. Ham ɗin babur, da zai busa a ji shi, ya mutu tare da inji. Abin da ya rage masa shi ne oba-obar, ƴar rediyon da suke magana da juna a hanya, da ke maƙale a ƙirjinsa, da igiyarta da ta shiga hular kwano har kunne.

Tana aiki kuwa. Ya ji muryar Alhaji tangaram.

"Chindo, ina yaron nan?"

"Shina baya, Alhaji. Awaki sunka tsai da shi."

Rabilu ya jira Alhaji ya amsa, ya jira ya tabbata ya gama, sannan ya danna maɓallin magana. "Baba, ni na. Na hwaɗi cikin kwari, tsohon mashigi. Moto ya danne min ƙahwa."

Ya saki. Sai ya ji Alhaji yana cewa su isa ƙauyen gaba su yi azahar, yaron zai same su a can.

Ya sake dannawa, ya faɗi, ya sake. Ba wanda ya ce ko uffan.

Ga yadda abin yake, don shi Rabilu bai sani ba sai daga baya. Alhaji ya sayo oba-oba biyu a Yamai. Mai shagon ya sa musu kulle: kowace idan za ta yi magana tana haɗawa da wani ɗan sauti da kunnen mutum ba ya ji, kuma ba ta buɗe kunne sai ga mai wannan sautin, don kar surutun direbobi da masu gadi ya dame su. Da Rabilu ya shiga tafiye-tafiyen, Alhaji ya ce zai aiko masa da ta uku. Rabilu ya ji nauyi. Ya tsallaka Sakkwato ya sayo tasa, ta wani kamfani daban, ya sa ta a tasha ɗaya da tasu. Tasa ba kulle, tana jin kowa. Tasu kuwa ba su san da ita ba.

To, ba a gwada ba ne? An gwada mana. Kullum kafin a tashi Alhaji yakan danna ya ce, "Kuna ji na?" Chindo ya ce, "Ina ji, Alhaji." Rabilu kuma ya ɗaga hannu ya sunkuyar da kai. Yaya za a yi ya zuba muryarsa kai tsaye cikin kunnen uban matarsa? Alhaji ma abin yana burge shi, har yakan faɗa a gareji cewa yaron yana da tarbiyya. Tafiya biyar suka yi a haka, har da ta Agadas, Rabilu bai taɓa danna abin nan ba. Mutum uku masu hankali, ba wanda ya ga aibu.

Muryoyin suka yi nisa suka ɓace. Rabilu ya zauna da kukan kurciya da zugin ƙafarsa. Ya yi ihu har maƙogwaronsa ya bushe. Ya tona yashi da yatsu a gefen gwiwa, duk abin da ya kwashe wani ya zubo ya cike. Da farko ƙafar kamar ana hura mata wuta, daga baya ta fara yin shiru, wannan shirun ya fi ba shi tsoro. Can gabas, wajen tuddai, aka fara tsawa. Ko yaro a ƙasar nan ya san ba sai an yi ruwa a kanka kwari ke cika ba. A yi shi a can nesa, nan rana na haskawa, sai dai ka ji shi tafe.

Bayan fiye da awa guda oba-obar ta sake tari. Sun dawo nemansa.

"Na wuce babban mashigi, ban ga sawunshi ba," in ji Chindo. "Awaki sun tattake komi."

"Malam," Alhaji ya kira, don bai taɓa kama sunan mijin ƴarsa ba, "in kana ji na, ka yi magana."

Rabilu ya jira ya rufe baki, ya danna. "Baba, ina ji! Tsohon mashigi! Yamma da ku!"

"Shiru," in ji Alhaji.

Haka aka yi ta yi. Su yi magana, ya jira su gama, ya danna ya yi kururuwa, su ce shiru. Ya ji ƙarar babur ɗin Chindo ta wuce can sama, ta yi nisa, ta dawo, ta sake wucewa. Ya ji sun tambayi wata mata a gona, ta ce ba ta ga kowa ba. Ya ji sun raba hanya, Alhaji ya tsallaka kwarin ya koma kudu, Chindo ya tsaya ta arewa. Ya buga oba-obar da tafin hannu, ya cire igiyar ya mayar, ya zage ta, ya zagi wanda ya sayar masa. Ya yi kuka, kuka na gaske, da majina. Ya ce, "Wasila, ki yahe min." Awa ta biyu ta tafi a haka.

Sai ya ji sanyi a bayansa. Ya juya kai. Wani siririn ruwa ne ja, yana turo kumfa da karmami da kashin awaki, ya zo ya taɓa kafaɗarsa, ya kewaye shi ya wuce. Kafin ya gama salati ya jiƙe har ƙugu.

"Chindo," in ji Alhaji, muryarsa a gajiye, "yaron nan ba ya nan. Ya ɓace muna, ya koma gudron. Baro wurin nan tun ruwa bai raba mu ba, mu koma mu bi..."

Rabilu bai san lokacin da ya danna ba. Bai jira ba. A tsakiyar maganar Alhaji ya danna da dukan ƙarfinsa, yana ihun "A'a! A'a! Kar ku tahi!" har numfashinsa ya ƙare. Ya saki don ya ja iska.

"...Alhaji, sake hwaɗi," Chindo ke cewa. "Maganarka ta yanke."

Alhaji ya fara maimaitawa. Rabilu ya kalli abin da ke hannunsa. Ya sake dannawa, ya ƙirga biyar, ya saki.

"Ta kuma yankewa. Ɗif, kamar an rufe ƙohwa."

"Batir na?" in ji Alhaji.

"Batir ɗina cike shike." Chindo ya dubi oba-obarsa. Bakanike ne, ya saba da injin da ke yin abu ba dalili, ya kuma san dalilin yana nan. "Alhaji, wani na hawa kan tasharmu. Kuma ya hi ka kusa da ni, shi ya sa shike danne ka."

Ruwa ya kai haƙarƙarin Rabilu. Ya dogara da gwiwar hannu ɗaya, ya ɗaga oba-obar sama da ɗayan.

"Rabilu," in ji Alhaji. Sunan ya fito a karye. "In kai na, ɗana, ka katse ni. Za ni ta magana, kai dai katse ni. Bismillahi, ga ni ina magana, ina magana..."

Ya danna. Ya saki.

"Shi na! Wallahi shi na, Alhaji!"

"To ji nan. Za ni kiran wurare, kowane sau ukku. In na zo inda kake, katse. Chindo, kasa kunne. Gonar liman, gonar liman, gonar liman. Rijiyar makiyaya, rijiyar makiyaya, rijiyar makiyaya. Babban mashigi..."

Rabilu ya ƙara ɗaga oba-obar sama. Ruwan ya fara jan rigarsa, wani reshe ya zo ya daki hularsa. Tsohon yana ta lissafi a hankali, wurin da ba nan ba bayan wurin da ba nan ba, har Rabilu ya ji kamar ya shaƙe shi. Wuraren suka ƙare wa Alhaji.

"Akwai tsohon mashigi," in ji Chindo. "Amma wa za shi bi nan?"

"Tsohon mashigi," in ji Alhaji, "tsohon..."

Rabilu ya danna, bai kuma saki ba sai da ya ji babur a saman kansa.

Chindo ya diro ta cikin geza, ruwa ya kama shi a cinya. Ya kama kan babur ya ja, ya ja, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Yashi ya riga ya binne tayar baya. "Ba ni iyawa ni ɗaya," ya ce, ya tallafo kan Rabilu da gwiwarsa don ruwa ya kai haɓa.

Alhaji ya ɓullo ta ɗaya gaɓar. Bai tsaya neman wurin sauka ba, ya zauna ya zamo da gindi, ya faɗo cikin ruwan. Ruwan ya tura shi, ya faɗi, ya tashi, ya iso yana tari. Ya zaro wuƙa ya yanke igiyar jarka da ta akwatin gefen da ke sama, ruwa ya tafi da su. Sannan ya durƙusa ya sa kafaɗa ƙarƙashin sirdi, Chindo ya kama kan babur.

"In mun ɗaga ka ja jikinka," in ji Alhaji. "Ko mi ka ji, ja."

Suka ɗaga. Babur ya tashi kamar taƙi ɗaya. Rabilu ya kafa hannuwa a yashi ya ja, ya yi wata ƙara da bai san tana cikinsa ba, ruwa ya shiga bakinsa. Ƙafar ta fito. Suka ja shi ta hammata zuwa inda gaɓar ta rufta, suka hau da rarrafe. Ba su gama haki ba babban ruwan ya iso, ya mirgina babur ɗin sau biyu ya wuce da shi.

A kan amalanken wani manomi aka kai shi bakin hanya, daga nan mota ta ɗauke shi zuwa asibiti. Alhaji yana riƙe da kansa duk tsawon hanyar, rigarsa na ɗigar jan ruwa.

Washegari da safe likita ya zo, ya tsaya a bakin gadon. Wasila na zaune a ƙasa, Alhaji da Chindo na tsaye. Ya ce karayar ba ita ce matsala ba, jini ne ya daɗe bai sauka ƙasa ba. Za su yanke daga ƙasan gwiwa. Ya ce da an ɗauke nauyin da awa guda kafin lokacin da aka ɗauke, da yana da abin da zai gwada.

Chindo ya juya ga Rabilu. "Wai tun yaushe kake jinmu?"

"Tun da kunka dawo."

"To mi ya hana ka danna tun sannan?"

"Ina dannawa," in ji Rabilu, idonsa a kan bango. "Jira nike Baba ya gama magana."

Alhaji ya nemi kujera da hannu, bai samu ba, ya zauna a ƙasa kusa da ƴarsa. Ma'aikata biyu suka shigo da gadon turawa.