Mai Tsaron Kalifoniya

Malama Vavra ce ta ƙara wa rantsuwar gishiri, a wasan kai wasiƙu da ta shirya wa ajinta. Mahayan da suka riƙa ratsa jiharsu ta Nebraska da jakar wasiƙu a zamanin da, rantsuwarsu ba ta wuce barin ashar da giya da faɗa ba. To, 'yan aji biyu ina su ina giya? Sai ta ƙara da tata: "Ba zan bar zangona ba sai jaka ta iso." Yara suka ɗaga hannu suka maimaita. Ta raba musu dawakan kara, ta jera zangunan kwali daga ƙofar aji har shingen gonar masara, ta raɗa wa na ƙarshe suna Kalifoniya, inda tafiyar mahayan ke ƙarewa.

Jaka na tsakiyar fili jiniyar gari ta ɗauki kuka. Malama ta ɗaga kai, ta ga sama ta yi wannan kore-koren da ba ɗan garin da bai san ma'anarsa ba. Guguwa ce. Aka koro yara ɗakin ƙarƙashin ƙasa kamar tumaki, ta hau kiran suna.

"Marnie?"

Ta sake kira.

"Malama, ai tana Kalifoniya," in ji Colt, yaron da jakar ke rataye a wuyansa.

Malama ta juya ta nufi ƙofa. Duk ajin a rasa wa za ta ba zangon ƙarshe sai Marnie, yarinyar da in ka ce mata jira, sai ta jira har ta yi saiwa.

Shugaban makaranta, Malam Behrens, ya tare ƙofa. "Malama, ba mai fita."

"Ka kore ni gobe," ta ce, ta bi ta ƙarƙashin hannunsa.

Ƙanƙara na dukanta ta isa shingen. Iska ta riga ta kwantar da masara. Ga Marnie tsaye, ta cusa yatsu cikin wayar shingen ta ƙanƙame.

"Marnie, taho! Wasa ya tashi!"

"Jaka ba ta iso ba."

"Ni na ce ki taho!"

"Ke kika ce mu rantse."

Malama ta ja ta, ta sake ja. Wayar ta fara yanka yatsun yarinyar, amma ko gezau. Daga yamma wani ruri ya taso kamar na jirgin ƙasa, kuma garin ba shi da layin dogo. Sai yanzu ta tuna ta baro jakar a wuyan Colt. Ta tuɓe rigar sanyinta ta dunƙule.

"Ga jaka!"

Marnie ta dube ta sama da ƙasa. "Ina dokinki? Ba a kawowa da ƙafa."

Malama ta dubi ƙasa. Mace ta ba hamsin baya, ga ciwon gwiwa, ta ja da baya, ta tsinci kara ta haye, ta sukwano tana haniniya da iyakar muryarta. Marnie ta saki waya, ta miƙo hannu biyu za ta karɓa. Malama ta sure ta.

Ba ta san yadda suka kai ƙofa ba. Ta dai ji Malam Behrens ya fizgo su ciki, wuta ta ɗauke, ginin ya yi ta rawa, yara na ta kuka.

Da aka fito, makaranta na nan, sai tagogi da suka farfashe. Shingen kuwa babu shi. Inda Kalifoniya take, rufin rumbun wani ne kwance, ya nutse cikin ƙasa.

Marnie ta daɗe tana kallon wurin, rigar sanyin na rungume a ƙirjinta. Can ta juyo.

"Malama, na riƙe rantsuwata, ko? Da ba ki zo ba ma, da ina nan."

Malama Vavra ta dubi rufin da ya nutse daidai inda yarinyar ta tsaya ɗazu. Ta zauna a cikin taɓo.