Lambar da Baba Ya Gani

Shekara ashirin da huɗu Baba yana jan motar kamfani, ko kaza bai taɓa takewa ba. Sai ga sabon manaja da sabon iyayi, wai a gwada idon kowane direba, wanda ya faɗi ya ajiye makulli.

A gidanmu kowa ya san Baba ba ya raba ja da kore. Mama ce ke zaɓar masa hula. Fitilar kan titi kuwa da mazauninta yake gane ta, ta sama tsaya, ta ƙasa wuce.

Na samo hotunan gwajin a waya. Da'ira ce cike da ɗigo-ɗigo masu launi, an ɓoye lamba a ciki. Ni kallo ɗaya nake ganin ta, shi kuwa ya ce tsakuwa kawai aka watsa. Sati biyu muna zaman hadda a kan tabarma. Mai ƙaton ɗigo a gefe, saba'in da huɗu. Mai ƙanana a sama, shida.

"Ke, ko malaminmu na firamare bai gasa ni haka ba," in ji shi. Yana dariya, amma abin ya ba ni tausayi.

Ranar gwajin na raka shi. Ɗaki ne ƙarami, fanka na ƙara, likita na buɗe littafi shafi-shafi. Baba yana ta zubo haddarsa, ko tuntuɓe babu. Har na fara sakin jiki.

Sai ta buɗe wani shafi da babu shi a wayata. Na leƙa ta bayan kafaɗarsa, ban ga komai ba sai ɗigo. Baba ya matso da kujera, fuskarsa ta washe. Rabon da in ga wannan farin cikin a fuskarsa har na manta.

"Arba'in da biyar! Likita, wannan ai ɓaro-ɓaro take!"

Likita ta rufe littafin a hankali.

"Baba, ku yi haƙuri. Mai lafiyar ido ba ya ganin komai a shafin nan. Don irin idonku aka yi shi."

Ta jawo takardar kamfani ta fara rubutu. Baba ya juyo gare ni, murmushin bai gama barin bakinsa ba.

"Uwata, ke ba ki gan ta ba?"

Na girgiza kai.