Aljihun Keken Marigayi

Tela ya daina shan ƙwaya tun bayan rasuwar ƙaninsa, amma bai taɓa shiga hutun ƙarshen shekara babu ita ba. Lokacin ne kowa ke son sabon kaya, yadi ya taru har ya toshe tagar shago. A da, shi da ƙanin sukan haɗiya su yi ta taka keke ba barci. Bana shi kaɗai ne, daga shayi sai ciwon baya.

Keken ɗinkin marigayin yana kusurwa, lulluɓe da tsohon zanin gado. Tela bai sayar ba, bai kuma taɓa buɗe aljihunsa ba, don ya san abin da ake ɓoyewa a ciki.

Ana gobe hutu, da yamma, layin ya yi tsit. Maƙwabta sun kulle shaguna sun yi tafiya, aka kuma ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Tela yana yankan wata riga, idanunsa na rufewa da kansu, sai ya ji ana taka keke a bayansa. Taku kaɗan, aka daina.

Ya waiga. Zanin yana nan yadda yake, amma matakin keken yana lilo a hankali, kamar yanzu aka ɗage ƙafa daga kansa.

"Ɓera ne," ya gaya wa kansa.

Ya koma kan almakashi. Can sai ƙamshin man da ƙanin ke shafawa a kai ya cika shagon. Da ya sake waigawa, gefen zanin ya zame, aljihun keken ya buɗe kamar faɗin yatsa. Miyau ya taru a bakinsa, wuyansa ya jiƙe da gumi. Bai san ya miƙe ba, sai ganin kansa ya yi tsaye a gaban keken, hannunsa a miƙe. Wannan ya fi ƙarar keken tsorata shi.

Ya fito titi ba takalmi, ya kira yayarsa a waya.

"Yaya, ki zo shago."

"Girki nake yi, gida cike da baƙi. Lafiya?"

"Idan na koma ciki ni kaɗai, zan sha."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta iso da mayafi a karkace, hannunta na warin albasa, ta same shi tsugune a bakin kwata. Ya gaya mata abin da ya ji. Ta shige gaba, ta yaye zanin, ta jawo aljihun gaba ɗaya.

Zare da allurai da maɓallai duk sun sha ƙura. Katin ƙwayar ne kawai ba ƙura a kansa, kuma an ɓalle biyu daga ciki.

"Kai ne?" ta ce.

"Wallahi ban taɓa ba, Yaya."

Ta kama haɓarsa, ta leƙa idanunsa kamar lokacin da yake ƙarami yana satar sukari. Ta daɗe tana kallo.

"Na yarda," ta ce. Ba ta tambayi wanda ya ɓalle su ba.

Ta zagaya banɗakin bayan shago ta zubar da ƙwayoyin, ta kora ruwa. Da ta dawo ba ta sake kallon kusurwar ba.

"Ɗauko takalminka. A gidana za ka yi hutun."

"Kayan mutane fa?"

"Su sa na bara. Ka taɓa jin tsohuwar riga ta kai wani asibiti?"

A hanya ya kira masu kaya ɗaya bayan ɗaya yana ba su haƙuri. Wata ta zage shi tas, wani ya ce zai aiko a karɓi yadinsa. Ya shanye zagin.

Hutun bai yi masa daɗi ba. Hayaniyar baƙi na sara masa kai, amma bai yarda ya zauna a ɗaki shi kaɗai ba. Ya wanke kwanuka, ya kwashe shara, ya bi mijin Yaya cefane. A rana ta ƙarshe autar gidan ta kawo masa 'yar tsanarta da rigar ta yage.

"Kawu, ka iya gyarawa?"

Ya gwada zura zare, hannunsa ya ƙi tsayawa. Ya miƙa mata allurar ta zura masa, sannan ya zauna a tsakiyar falo ya fara ɗinki.