Muryar Ladan da Naman Wuyan Rago

Gambo mai tsire bai san ranar da muryar yayansa ta fara lalacewa ba. Abin ya zo ne a hankali, har wata la'asar yana juya tsinkaye a bakin tukuba, wani ɗan dako da ya zo sayen na kwabo ya ɗaga kai ya ce, "Wai sabon ladan aka yi ne a masallacin layin 'yan goro?"

Ba sabo ba ne. Malam Maharazu ne dai, yayan Gambo uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya shekara goma sha tara yana kiran salla a wannan masallaci na Sabo, unguwar Hausawa a Badun. Mutum ne da in ya sa yatsu a kunne, har Yarabawan unguwar Mokola sukan duba agogonsu su gyara. Yau ga muryar ta yi kauri ta dishe, kamar mai magana daga cikin randa. Gambo ya balbale ɗan dakon da faɗa, ya ƙara masa tsoka guda don ya tafi, amma maganar ta zauna masa a rai.

Daga ranar ya soma kallon yayansa da idon mai nama, don shi ke nan idon da Allah ya ba shi. Fuskar Malam ta kumbura, amma wani irin kumburi ne, in ka danna yatsa ba ya lotsawa. Gashin gira ya zube daga gefe. Fata ta bushe tana fari. Abin da ya fi ɗaure wa Gambo kai shi ne bargo. Ana tsakiyar zafin Badun, ƙadangaru ma suna neman inuwa, amma Malam yana zaune a zaure ƙudundune da bargo yana cewa a turo ƙofa. In ka gaishe shi, sai ka gama gyara zama kafin amsa ta fito, wani lokaci ma barci ya ɗauke shi a tsakiyar "lafiya lau".

An yi abin da aka sani. An sha zuma da citta, an tauna kanumfari, an sha rubutu har allon ya yi fari. Murya dai sai ƙara nutsewa take yi. Rannan liman ya kira Gambo gefe, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya fito da ita: saura wata biyu azumi, kuma azumi yana son ladan da za a ji shi a ƙarshen layi. In har an ga watan azumi muryar ba ta dawo ba, za a ba da ladancin ga Manniru, wani matashi mai karatu a wajensa. Gambo ya koma tukuba ransa a ɓace. Ya san yayansa ba shi da gona, ba shi da kwandon goro ko ɗaya a kasuwa, kiran sallar nan shi ne duk abin da ya tara a duniya.

Da ƙyar ya lallaɓa shi zuwa sabon asibitin nan mai benaye. Likitan da suka samu Bayarabe ne, matashi, bai daɗe da dawowa daga Ingila ba. Gambo kuwa ya iya Yarabanci kamar a tsohuwar unguwar Oje aka yanke masa cibi, don haka shi ne tafinta.

"Pele, Baba," in ji likitan, wato sannu. Ya riƙe wuyan hannun Malam yana kallon agogo, ya shafa girarsa, ya sa shi ya ce "a" ya ja ta. Sai kuma ya yi abin da Gambo bai taɓa gani ba: ya sa Malam, dattijo guda, ya durƙusa a kan kujera ya juya baya, ya ɗauko wata 'yar guduma ta roba ya ƙwanƙwasa masa agara. Ƙafar ta motsa, amma wajen komawa sai ta yi ta jan jiki kamar ba ta so.

Gambo ya kasa haƙuri. "Likita, wuya muka kawo maka, me ya kai ka dunduniya?"

Likitan ya yi dariya, ya ce ya hau kujerar shi ma. Da aka buga ta Gambo, ƙafar ta yi zillo ta koma nan take. "Ka ga bambanci?" in ji shi. Ya ce akwai wani ɗan nama a gaban maƙogwaro, ɓari biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, yana zuba wani ruwa a cikin jini. Ruwan nan shi ke iza wutar jiki. Na Malam ya gaji ya daina aiki, shi ya sa komai nasa ya yi sanyi, zuciya da ciki da ƙafa, har da murya. Gambo ya kai hannu ya lalubi nasa wuyan. Shekara talatin yana yanka wuya, bai taɓa jin cewa akwai murhu a ciki ba.

Magani kuwa akwai, wasu 'yan ƙwayoyi a kwalba, a sha kullum har ƙarshen rai. Malam ya karɓi kwalbar ya juya ta, ya daɗe, sannan ya ce, "Tambaye shi, da me aka yi?"

Likitan bai ɓoye ba. Wannan ɗan naman ne dai ake cirowa daga dabbobi a Turai, a busar, a niƙa. Wace dabba? Tunkiya, ko saniya, ko alade, kwalbar ba ta faɗa ba, shi ma bai sani ba.

Malam ya ajiye kwalbar a tebur ya tura ta da ɗan yatsa. Likitan ya gaya musu ƙarara cewa in aka bar ciwon, wata rana Malam zai yi barcin da ba za a iya tashinsa ba. Da suka dawo, liman da kansa ya ce larura ce, shari'a ta yi sauƙi. Malam ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Na ji, Allah ya gafarta malam. Amma maƙogwaron da nake kiran sunan Allah da shi, ba zan iya ba." Wanda ya san Maharazu ya san an gama magana.

Washegari da hantsi Gambo ya yanka ragonsa kamar kullum. Da ya zo wuya sai hannunsa ya tsaya. Ya bi maƙogwaron da bakin wuƙa a hankali, ya ɗaga kitse, sai ga su: 'yan nama biyu jajaye-jajaye, kowanne bai kai ɗan yatsa ba, manne a dama da hagu. Ya san su sarai. Kaluluwa yake ce musu, kyanwar layin yake jefa wa. Ya tsaya yana kallon kyanwar, wadda ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba tun da ya san ta, ya ce, "Ashe!"

Ya naɗe su a ganye, ko hannu bai wanke da kyau ba, ya nufi asibiti. Masu gadi suka so hana shi, ya yi musu Yarabanci har suka gaji. Da likitan ya buɗe ganyen sai ya miƙe tsaye. Ya kira wasu ɗalibai biyu su zo su gani, ya aika aka ɗauko wani tsohon littafi, ya yi ta buɗawa. Ya ce ai kafin a iya yin ƙwayar, haka likitoci suka riƙa yi a da, a ɗan gasa naman sama-sama a ba mara lafiya. Shi dai a littafi ya karanta, bai taɓa gani ba, kuma ga dukkan alamu yana son ya gani.

"Amma ka ji ni da kyau," in ji shi. "Ƙwaya an auna ta, wannan ba a auna ba. Wani ragon nasa ya fi na wani ƙarfi. Kamar ƙwayar wake za ka ba shi, sau ɗaya a rana, simol-simol, kaɗan-kaɗan. Duk Litinin ka kawo shi in ƙirga bugun zuciyarsa."

Gambo ya ce to. Mako guda yana yanko ƙwayar wake yana gasawa, Malam yana bismilla yana haɗiyewa, tunda yankan ƙanensa ne. Litinin ta farko likita ya ce ana kan hanya. Gambo dai bai ga hanyar ba: bargo na nan, murya na nan cikin randa, ga Sha'aban ya kama.

To, Sabo ba a ciwo a ɓoye. Kafin a jima duk wani mai tsire da mai yanka a unguwar ya ji cewa maganin ladan yana wuyan rago. Kuma wa zai yarda a ce ladan yana neman abu a hannunsa ya hana? Sai ganye-ganye suka fara isowa tukubar Gambo, wannan biyu, wancan huɗu, har da na shanu daga mayanka, manya-manya. Gambo ya dubi tulin, ya dubi ƙwayar waken likita, ya ji kunya ta kama shi. Shi da ko baƙo ba ya miƙa wa tsoka ɗaya, yayansa ne zai riƙa ba abin da kaza za ta raina? In ƙwayar wake tana gyara a wata shida, ai tsinke guda zai gyara kafin azumi. Lissafin ya yi masa daidai ƙwarai. Ya jera su a tsinke, ya barbaɗa ƙuli da yaji, ya kai. Litinin ta zagayo bai kai Malam asibiti ba, don ya san abin da za a ce.

Kwana takwas sai ga abin mamaki. Malam ya yar da bargo. Ya nemi mafici. Ya cinye tuwo ya nemi ƙari, ya yi wa jikokinsa faɗa, abin da aka yi shekara ba a ji ba. Kumburin fuska ya fara saɓewa. Gambo yana tafe yana jin kansa, yana raya yadda zai je ya koya wa likita aikinsa. Bai kula da cewa hannun Malam yana rawa in ya ɗauki buta ba, ko ya kula ya kau da kai.

Ran sha biyu, da azahar, Malam ya ce shi zai kira. Ya taka matakalar masallaci da sauri kamar saurayi. A ta huɗu ya tsaya, ya dafe ƙirji, ya zauna, gumi yana tsiyaya daga gemunsa. Gambo ya iso a guje ya tallafe shi, ya ji zuciyar tana dukan tafin hannunsa ba kai ba gindi. Tsoron da ya ji a wurin bai taɓa jin irinsa ba.

Kwana tara Malam ya yi a gadon asibiti. Likitan bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi wa Gambo sauƙi. Ya tambaye shi nawa ya bayar, Gambo ya nuna tsawon tsinke da yatsu, likitan ya rufe ido. Ya ce zuciyar da ta shekara biyu tana tafiyar hawainiya ba a sa ta gudu rana ɗaya, saura kaɗan ta tsaya. Za a dakata, sannan a koma ƙasa da ƙwayar wake, kuma wannan karon a kan ma'aunin asibiti za a auna.

"Muryar fa?" in ji Gambo.

"Za ta iya dawowa. Wata huɗu, wata biyar. Ba kafin azuminku ba."

Gambo ya rasa yadda zai fassara wannan. Malam ya dube shi daga kan gado ya ce, "Na gane, ba sai ka faɗa ba. Je ka gaya wa liman a ba yaron."

"Yaya, ni na ja maka."

"Kai ka ja. Yajin ma ya yi yawa." Ya juya fuska bango.

Manniru ya kira sallar azumi, kuma ba laifi, muryarsa tana kai wa ƙarshen layi. Malam ya koma sahun farko ya zauna cikin jama'a. Gambo kuma ya zama ɗan gidan asibiti, yana kai ganyensa ana aunawa, yana leƙen ma'auni yana tambayar da ba ta ƙarewa, har ya iya kama wuyan hannu ya ƙirga da kansa. Gira ta tsiro. Tafiya ta miƙe. Amma ko sau ɗaya Malam bai gwada ɗaga murya ba, ko a ɗaki, kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin ce masa ya gwada.

Bayan Babbar Salla da 'yan kwanaki matar Gambo ta haifi ɗa namiji, da hantsi, ana yayyafi. Aka naɗo jaririn aka miƙo zaure don a yi masa kiran salla a kunne, Gambo ya miƙa wa yayansa. Malam ya karɓa, ya sunkuya ya kai baki kunnen dama. Raɗa ya yi niyya, yadda ake yi. Kabbara ta farko ta fito a raɗa. Ta biyu ta ƙwace masa, ta fito tas, siririya mai tsawo, irin ta da, ta cika zauren ta fita titi. Jaririn ya tsala kuka. Wani mai tura amalanke ya tsaya a ƙofa yana duban rana, don lokacin salla bai yi ba.

Malam ya dakata, shi kansa ya tsorata. Ya ɗago ya dubi ƙanensa, idanunsa sun cika.

"Ƙarasa, Yaya," in ji Gambo, yana share fuska da hannun riga. "Yaron zai saba."